Yadda ake gyara rabon riba idan an ware wa abokin haɗin jari ƙarin kaso

Tun da aka gama sayar da albasar ajiya nake samun tambaya iri ɗaya, daga Marwa, daga Garwa, har da wani mai shago a Kusiri wanda abokin jarinsa ke zaune a Injamena: mun haɗa kuɗi mu uku ko mu huɗu, mun yi wa wanda ke bin kaya alkawarin ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda wahalarsa, ga riba ta fito, to kason sauran fa, yaya za a gyara shi? Na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai a WhatsApp, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki.

A shekarun da na yi ina riƙe wa 'yan kasuwa littafi, da wuya na ga rigimar da ta taso daga niyyar cuta. Yawanci maganar "ƙarin kashi goma" ce kowa ya ji ta da irin kunnensa. Na taɓa zama a zauren wani gida bayan la'asar, 'yan'uwa uku ciki ɗaya, kowa da wayarsa a hannu ya buga lissafi, aka samu amsa uku, kuma babu wanda ya yi kuskuren bugu. Shayi ya huce a kofi babu wanda ya kurɓa. Abin da ya faru kawai, ba su taɓa faɗa wa juna daga wace tukunya za a ɗebi ƙarin ba.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Alhaji ya zuba sefa 5,000,000, ƙanwarsa Hajiya ta zuba 3,000,000, Autansu ya zuba 2,000,000. Jari ya kama 10,000,000. Suna sayen albasa a Miskin, kusa da Marwa, a loda mota ta bi ta Garwa da Gaundare ta sauka Duwala. Auta ne ke bin kaya, shi ke kwana a gindin mota, shi aka yi wa alkawarin ƙarin kashi 10. Alƙaluman na koyarwa ne, ku cire su ku sa naku.

Abin da za ku tanada

Littafi guda mai bango mai ƙarfi wanda ba a rubuta komai a cikinsa sai wannan harka, biro, da kalkuletar waya. Sai duk wata takardar sayen kaya, ta mota da ta dillali, da saƙonnin MTN MoMo, Orange Money, Airtel Money ko Moov da aka tura kuɗi da su. Wanda ya iya Excel ya yi amfani da shi, amma a kwafe sakamakon a littafi, don waya takan faɗa ruwa. Sai shaidu biyu waɗanda ba su da ko dala a cikin jarin.

1. Tantance jarin kowa da ranar da ya shigo

Ku raba abin da mutum ya zuba da jimillar jari, ku ninka da 100. Alhaji na da kashi 50, Hajiya 30, Auta 20. Wannan shi ne kason jari. Ku rubuta shi a shafin farko ku ja masa layi, domin duk gyaran da za a yi nan gaba kason riba zai taɓa, wannan kuwa yana nan yadda yake, sai in wani ya ƙara jari.

Hattara da bakin ƙirga. Dattijon da ya saba da dala, sefa 5 yake nufi da dala ɗaya, haka riyal a bakin mutanen Chadi. Mutumin Injamena zai ce riyal dubu, kai ka rubuta 1,000, alhali 5,000 yake nufi. A littafi a rubuta sefa zalla, da lambobi. Wanda ya kawo naira daga Mubi, ko sefar Nijar, a rubuta abin da ɗan canji ya miƙo a hannu ranar da aka canza. Sefar yamma da tamu darajarsu ɗaya a kan yuro, amma takardunsu daban, kuma ɗan canji ba ya aikin Allah-ya-ba-ku-mu-samu.

Idan kuɗin ba rana ɗaya suka shigo ba, a sa lokaci a ciki. A ce harkar ta wata 6 ce, Hajiya ba ta kawo nata ba sai bayan wata 2. Alhaji miliyan 5 sau 6, ya ba da 30. Hajiya miliyan 3 sau 4, ya ba da 12. Auta miliyan 2 sau 6, shi ma 12. Jimilla 54, kuma da waɗannan za a raba riba: 30 cikin 54, 12 cikin 54, 12 cikin 54. Wannan dabara ta dace da shago ko harkar da kuɗi ke juyawa kullum. Idan kuwa kaya ne aka saya mota-mota, kowace mota a yi mata lissafinta da kuɗin waɗanda suka saye ta, ya fi sauƙi kuma ya fi adalci.

2. Fitar da riba ta gaskiya

Mutane sun fi son tsallake wannan mataki su tafi rabo, kuma a nan kuɗi suka fi ɓata. An sayi albasa ta 8,500,000, an sayar 12,000,000. Tazarar 3,500,000 ce, amma ba ita ce riba ba. Mota ta ci 900,000, buhu da dako 250,000, la'adar dillalai 150,000, kuɗin hanya da harajin kasuwa 120,000, abinci da masaukin Auta 80,000. An kashe 1,500,000 ke nan. Riba 2,000,000.

Gargaɗi: a kan 2,000,000 ake buga ƙarin Auta. Idan aka buga shi a kan 3,500,000 zai tashi da 350,000 maimakon 200,000, kuma daga ranar ba ruwansa da tsadar mota ko yawan la'ada, tun da ba sa rage masa ƙarin nasa. Mai bin kaya da ake biyansa daga tsabar riba shi ne zai tsaya ya yi ciniki da direba har gumi ya keto masa.

Abu uku sukan ruɗa lissafi a nan. Na farko, kuɗin da wani ya ɗiba kafin rabo. A ce Auta ya ɗauki 150,000 ya yi hidimar Sallah. Idan kuka ƙirga abin da ke hannu za ku ga riba 1,850,000, ku raba, shi ke nan kowa ya taya shi sayen rago bai sani ba. Ku mayar da 150,000 ɗin cikin lissafi tukuna, riba ta koma 2,000,000, sai a cire masa daga kasonsa a mataki na 7.

Na biyu, bashi. Buhu arba'in da wata mai sari a Duwala ta ɗauka ta ce sai kasuwa ta gaba, ba riba ba ne sai ranar da kuɗin suka shigo. Ku buɗe masa shafi daban. Ranar da aka biya a raba shi da kason da aka yi wannan rabo da shi. Na sha ganin an ba mai bin kaya ƙarinsa cif a kan bashin da har yau ba a karɓo ba, kuma tun da ya riga ya karɓi nasa, ƙafarsa ta yi nauyin zuwa bin bashin.

Na uku, ragowar kaya. Albasa tana ramewa a ajiya, tana tsiro, tana ruɓewa. Kada a yi mata kuɗi da farashin da ake fata. A zazzage, a tsince, a sake auna buhu, a sa mata kuɗin da aka saye ta ko abin da za ta yi a kasuwa yau, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu.

3. Cike ramin baya

Idan zuwan da ya wuce an faɗi, uwar kuɗi ake fara mayarwa. A ce an yi asarar 500,000 a baya, yanzu an samu 2,000,000. Abin rabo 1,500,000 ne, a kansa za a buga ƙarin. In ba haka ba Auta zai riƙa karɓar lada duk zuwan da aka ci, masu jari su riƙa ɗaukar faɗuwa su kaɗai duk zuwan da aka faɗi, jari yana zagwanyewa ana murna.

Ita asara da kason jari ake raba ta, 50, 30, 20. Ƙarin kaso bai shafe ta ba. Idan an faɗi da 1,000,000, Alhaji 500,000, Hajiya 300,000, Auta 200,000. Kada wani ya ce tun da Auta ya fi cin riba sai ya fi ɗaukar asara. Shi ya riga ya yi asarar wahalarsa, wata shida a kan hanya ba ko sisi.

4. Yanke tukunyar da ƙarin zai fito

Ga gundarin aikin. Riba kashi 100 ce, ba ta ƙaruwa don an yi wa wani alkawari. Duk abin da aka ƙara wa Auta, daga hannun wani ya fito. Tambayar ita ce hannun wa, kuma nawa.

Hanya ta farko ita ce a cire daga sama. A ɗebe kashi 10 na dukan ribar, 200,000, a ajiye wa Auta gefe. Ragowar 1,800,000 a raba da kason jari: Alhaji 900,000, Hajiya 540,000, Auta 360,000. Auta ya haɗa da na gefe ya tashi da 560,000. Sabon kason riba ya zama 45, 27, 28. A taƙaice, kowa ya ninka kasonsa da 90 ya raba da 100, Auta ya ƙara 10 a kan nasa.

Ku lura da abin da ke ɗaure wa masu bin kaya kai a nan. Da babu ƙari, Auta 400,000 zai samu. Yanzu 560,000. Abin da ya ƙaru 160,000 ne, ba 200,000 ba, domin shi ma mai jari ne, kasonsa ya ba da gudummawar 40,000 a cikin ladan nasa. A zauren da na ba ku labari, nan ne ƙaramin ya ɗago kai ya ce, "Yaya Alhaji, ai goma kuka ce, ni takwas nake gani." Gaskiyarsa, kuma shi ma yayan da gaskiyarsa.

Abin da ƙaramin ke nufi shi ne hanya ta biyu: a ɗora goma a kan ashirin ɗinsa ya zama 30 cif. Auta 600,000. Saura kashi 70, na Alhaji da Hajiya, waɗanda a da suke da 80 tsakaninsu. Kowannensu ya ninka kasonsa da 70 ya raba da 80. Alhaji 43.75, wato 875,000. Hajiya 26.25, wato 525,000.

Gargaɗi babba a wannan hanya: kada a ce goma ce, mutum biyu ne, kowa ya ba da biyar-biyar. Da jin sa kamar adalci, amma duba. Alhaji ya sauko daga 50 zuwa 45, ya rasa ɗaya cikin goma na kasonsa. Hajiya ta sauko daga 30 zuwa 25, ta rasa ɗaya cikin shida. Za ta karɓi 500,000 maimakon 525,000, wannan 25,000 ɗin kuwa aljihun Alhaji ta faɗa, ba na Auta ba. Kullum mai ƙaramin jari ake dannewa da biyar-biyar, kuma sau da yawa mace ce ko dattijo da ke gida, wanda aka kai wa kuɗinsa a ƙulle a leda ya karɓa ya yi godiya.

Hanya ta uku ita ce wadda mai babban jari yakan tuna da ita ranar rabo: kashi 10 na kason Auta. Goma cikin ɗari na 20 biyu ne, kasonsa ya zama 22, wato 440,000. Ragowar 78 a raba kamar ɗazu, sau 78 raba 80: Alhaji 975,000, Hajiya 585,000. Lissafin ba shi da aibi, sai dai ƙarin 40,000 a kan wata shida na bin mota, ni dai ban ga wanda zai yarda da shi da saninsa ba.

Akwai kuma masu cewa 50 da 30 da 30 sun ba da 110, sai su raba ribar gida 110. Auta zai samu 545,455, Hajiya ma haka, Alhaji 909,090. Ba laifi ba ne idan kowa ya san abin da ake yi, amma kason Auta a nan bai kai 28 ba, balle 30, kuma lambobin ba sa faɗuwa daidai. Ban cika ba da shawararta ba.

Ta ƙarshe, idan mutum ɗaya ne ya yi alkawarin. Alhaji ne ya kira Auta gefe ya ce "bi mana kaya, zan ƙara maka goma", Hajiya ba ta wurin, ba a kuma shawarce ta ba. To daga kason Alhaji za ta fito: 40, 30, 30. Alhaji 800,000, Hajiya 600,000 ba a taɓa mata ko dala ba, Auta 600,000. Ba a yi wa mutum kyauta da kuɗin wanda bai ji ba bai gani ba.

Kun ga magana guda, amma abin da Auta zai ɗauka ya tashi daga 440,000 har 600,000. Ni hanya ta farko nake zaɓa wa mutane idan sun tambaye ni kafin a loda kaya. Tana da sauƙin bugu, kowa yana ba da gwargwadon jarinsa, kuma ko mutum goma ne masu jarin ba ta rikicewa. Idan Auta ya ga takwas ta yi masa kaɗan, a ɗaga adadin: cire 12.5 daga sama daidai yake da ɗora masa goma cif. Idan kuwa an riga an dawo daga Duwala ba a taɓa yanke hanya ba, ku rubuta amsoshin duka a takarda ɗaya kowa ya gani da idonsa, sannan a sasanta. Mutum ya fi saurin haƙura da 40,000 da ya gani a rubuce a kan wadda yake zargin an ɓoye masa.

Kowace kuka ɗauka, ku yi gwaji biyu kafin ku wuce. Sababbin kason su haɗu su ba da 100. Kuɗin kowa su haɗu su ba da 2,000,000. In ɗaya ya kuskure, a koma baya.

5. Idan kuna son sa wa ƙarin sharaɗi

Wasu masu jari sukan ce ba za su biya lada a kan ribar da ko yaro zai samo ba. Sai a yanka wani mizani: ribar farko har 1,000,000 a raba da kason jari babu ƙari, abin da ya haura nan Auta ya ɗebi kashi 20 daga sama. A misalinmu abin da ya haura 1,000,000 ne, ladansa 200,000, daidai da hanya ta farko. Bambancin sai shekara ta canza. Idan riba 1,200,000 ce, ladansa 40,000 maimakon 120,000. Idan ta kai 4,000,000, ladansa 600,000 maimakon 400,000. Tsari ne mai zaburar da mai bin kaya, amma a harkar albasa, inda farashin Duwala ke iya karyewa cikin mako guda saboda motoci sun sauka da yawa, yana iya zama horo a kan laifin da ba nasa ba. Ku duba irin harkarku.

Hattara: mizanin nan ba lamuni ba ne. Ba a ce Auta ya ɗauki nauyin sai masu jari sun samu 1,000,000 ko ta halin ƙaƙa ba. Da zarar an ce kuɗinka ba za su faɗi ba kuma ga abin da za ka samu tabbas, an bar haɗin jari an shiga bashi da ruwa.

6. Kai tsarin gaban malami, da gaban doka idan kamfani ne

Wannan a yi shi kafin a ƙulla, ba bayan kuɗi sun haɗu ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, haka ma Shafi'iyya, idan tarayyar dukiya ce riba tana bin gwargwadon jari, ba a shardanta wa wani fifiko a cikin ƙullin. Hanafiyya da Hambaliyya sun yarda a fifita wanda ke yin aikin. A kan asara kuwa duka sun haɗu, jari take bi. Ƙofar da aka sani ta saka wa mai aiki da wani yanki na riba ita ce ƙiradi: mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai aiki ya juya su, a raba riba da kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi ko ɗaya cikin goma, ba wani adadin kuɗi tsayayye ba.

Ga abin da zai taimaka muku a gaban malam. Ribar da kuɗin Alhaji da Hajiya suka jawo ita ce kashi 80 na 2,000,000, wato 1,600,000. Idan Auta ya karɓi ɗaya cikin goma nata, 160,000, ya haɗa da ribar kuɗinsa 400,000, ya tashi da 560,000. Hanya ta farko ke nan daidai wa daida. Hanya ta biyu kuma ɗaya cikin takwas ce. Saboda haka lambobin ba sa canzawa, lafazin ƙullin ne da sharuɗansa, musamman batun cakuɗa kuɗin mai aiki da na masu jari, malam zai daidaita muku. Ku je masa da takardar lissafin a hannu.

Idan kuwa kamfani kuka yi wa rajista, irin SARL (kamfanin da alhakin kowa bai wuce jarin da ya zuba ba), dokar OHADA ce a kanku, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka ke bi, Kamaru da Chadi duk suna cikinta. Sashe na 54 na dokar kamfanoni ya ce haƙƙin kowa gwargwadon abin da ya zuba ne sai in takardar kafa kamfanin ta faɗi wani abu daban. Ma'ana, ƙarin da aka yi da baki a zaure ba shi da ƙafa sai an shigar da shi a takarda. Sashen ya kuma soke duk sharaɗin da ya ba mutum ɗaya dukan riba, ko ya hana wani riba gaba ɗaya, ko ya kuɓutar da wani daga dukan asara, ko ya jibga wa wani ita duka. Kafin rabo kuma dole a ware aƙalla ɗaya cikin goma na ribar shekara a asusun ajiyar doka, har sai ya kai ɗaya cikin biyar na jarin kamfanin. Idan aka mayar da ƙarin ya zama ladan manaja, manajan da ke da hannun jari ba ya jefa ƙuri'a a kan ladan kansa. A Kamaru ribar da kamfani ya raba wa masu hannun jari ana cire mata haraji. Wannan ɓangare a bar wa akanta.

7. Cire abin da aka ci, sannan a biya

Mun ɗauki hanya ta farko. Auta na da 560,000, ya riga ya ci 150,000 na Sallah, za a ba shi 410,000. Alhaji 900,000, Hajiya 540,000. A haɗa: 1,850,000, daidai da abin da ke hannu.

Ku yanke tun yanzu wa zai ɗauki kuɗin turawa. A Kamaru tun 2022 akwai harajin kashi 0.2 a kan turawa da cirewa ta waya, ban da abin da kamfanin wayar ke caja. Mafi sauƙi, wanda ya zaɓi a tura masa ta waya shi zai ɗauki cajin, wanda ya zo ya karɓa a hannu ya tafi da nasa cif. Ƙananan kuɗin da suka rage waɗanda ba sa rabuwa, a tara su a littafi su shiga rabo na gaba. Kowa ya sa hannu a gaban adadin da ya karɓa, har Hajiya, ko da ɗanta ta aiko. A kira ta a waya a karanta mata lambar a gaban shaidu.

8. Idan wani ya bar ribarsa a ciki

Nan ne kason jari kansa ke motsawa, kuma nan ake mantuwa. A ce Auta bai ci komai ba, ya bar 560,000 ɗinsa duka a ciki, sauran sun kwashe nasu. Jarinsa ya zama 2,560,000, jimilla 10,560,000. Sabon kason jari: Alhaji 47.35, Hajiya 28.41, Auta 24.24. Da waɗannan za a shiga zuwa na gaba, a sake cire goma daga sama, a raba ragowar da su. Idan aka ci gaba da 50, 30, 20, kuɗin Auta suna yi wa yayyensa aiki kyauta. Idan kuma haka ta ci gaba, ko zuwa ɗaya aka ƙara da irin wannan riba, Auta zai kamo Hajiya ya wuce ta. Ba laifi, amma gara a san da haka tun yau, a yanke ko an yarda kowa ya ƙara jari yadda ya so ko sai da amincewar sauran.

9. Rubuta, a sa hannu

'Yan'uwa sukan ji nauyin wannan, wai kamar ba a yarda da juna ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Takardar ba ta bukatar Faransanci mai wuya, a rubuta da Hausa, boko ko ajami, a yi fassarar Faransanci idan za a kai ofis. Ta ƙunshi jarin kowa da ranar shigarsa, abin da ake ƙirgawa a matsayin kashewa da iyakar kuɗin abinci da masaukin mai bin kaya, da cewa sai an mayar da uwar kuɗi kafin rabo, da cewa asara jari take bi. A faɗi ranar da ƙarin zai tsaya: idan Auta ya daina bin kaya ya ɗauki yaro, ladan na nan ko ya faɗi? Idan ya yi rabin tafiya ya kwanta ciwo fa?

Jimlar ƙarin kanta kada a rubuta ta da "kashi goma" kawai. A rubuta kamar haka: "Bayan an cire duk abin da aka kashe, an mayar da uwar kuɗi, za a ware kashi 10 cikin 100 na ribar da ta rage a ba mai bin kaya, sauran 90 a raba gwargwadon jari, har da nasa jarin." A ƙarƙashinta a sa misali da lambobi: idan riba 1,000,000 ce, Alhaji 450,000, Hajiya 270,000, Auta 280,000. Misalin nan ya fi jimlar amfani, don ko wanda bai yi makaranta ba zai riƙe shi.

Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kowane shafi, shaidu biyu su sa nasu. In kuna son ƙarin ƙarfi, ku kai ofishin magajin gari ko na 'yan sanda a tabbatar da sa hannun. A Kamaru kan sarkin da ake mannawa sefa 1,500 ne. Jari mai nauyi, ko wanda ya haɗa da mota ko shago, a kai wa noter, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun yarjejeniya, shi zai faɗi kuɗinsa gwargwadon aikin. A yi kwafi uku, kowa ya riƙe ɗaya, a kuma ɗauki hoton kowane shafi a tura wa shaidun biyu a waya kafin a tashi daga wurin.